Laimar Kwaɗin da Ta Kwantar da Goggo Hansai

Tun da na koma bakin aiki ba a bar ni na sha shayi lafiya a ofishin malamai ba. Wannan ya ce an gaya masa na tsallaka Nijar neman laimar kwaɗi, wancan ya ce shi ji ya yi na koma bokanci. Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Wata Talata ce a tsakiyar damina, gab da magariba, Yaya Sabo ya kira ni ina Kano. Shi ɗan Goggo Hansai ne, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni ina shekara huɗu bayan rasuwarsa, ta riƙe ni a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo har na tafi makarantar kwana. Ya ce suna hanyar asibiti a Gumel. Tun bayan azahar Goggo take dariya tana kuka, tana magana da mutanen da ba a gani, tana cewa bangon ɗaki yana numfashi. Na tambaye shi me ta ci. Ya ce ai nan maganar take, miyar da matar nan ta kawo mata ce.

Sai da na sake tambaya na gane Mama Rifkatu yake nufi, matar da tun tasowarmu Mama yake ce mata. Daga Filato ta zo da mijinta fiye da shekara talatin, lokacin da aka turo shi aikin gona a ƙaramar hukuma. Ya rasu, 'ya'yanta suka watse birane, ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, amma ta ƙi tashi. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Goggo, kuma ban san ranar da kwanon abinci bai tsallaka katangar nan ba. A hannunta na koyi riƙe fensir.

Da sassafe ranar Laraba na shiga mota. Mu huɗu ne a baya, har da wata mata mai kwandon zabi a cinya. Kafin mu kai Gujungu kowa ya san abin da zai kai ni Gumel, don na yi kuskuren amsa waya da ƙarfi. Wani mai tallan maganin gargajiya ya ce aljanu ne, babu ko tantama, kuma yana da hayaƙinsu a jaka. Mai zabi ta ce sammu ne, ta taɓa ganin irinsa a garinsu. Wani dattijo a gaba ya ce jakinsa ya taɓa cin zaƙami ya wuni yana gaida bishiya. Wajen Gagarawa taya ta fashe, muka sauka muka zauna a gindin wata kuka, ana ta gardamar ciwon matar da ba wanda ya taɓa gani. Da mai zabi ta lura hawaye nake yi, sai ta daina maganar sammu, ta ɓare dafaffiyar gyaɗa ta cika mini hannu. Har muka rabu ba ta sake cewa komai ba sai Allah ya ba ta lafiya.

Na tarar da Goggo cikin hankalinta sarai, sai dai ta juya fuska bango don kunya. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta kiran sunana. Ta kama hannuna ta ce, "Uwata, ina Rifka?" Yaya Sabo ya kau da kai, ya ce ta huta tukuna.

Likitar da ke duba ta matashiya ce mai magana a hankali. Ta ja ni gefe ta ce alamun da aka faɗa sun yi kama da na wata irin laimar kwaɗi mai juya tunani na 'yan sa'o'i ta saki mutum. Amma akwai wasu masu kama da ita, wuri ɗaya suke fitowa, su kuma ba sa nuna komai sai bayan kwana biyu ko uku, sa'annan su lalata hanta. In an haɗa da irin waɗannan a tukunya, to da sauran aiki. Za ta riƙe Goggo tana gwada jininta kullum. Abu biyu ta roƙe ni: in samo mata irin wadda aka ci, in kuma kawo mata wadda suka ci tare, don ita ma ranta yana cikin haɗari.

Shekarata goma sha biyar ina koyar da ilimin halittu. Na zana laimar kwaɗi a allo ba adadi, amma ban taɓa tsinkar ko guda ba. Mu a gida tun muna yara ake hana mu taɓa ta, ba ma lissafa ta cikin abinci.

Na bar Gumel a mota, daga Sule Tankarkar na hau acaɓa zuwa ƙauyen. Kafin in sauke jaka mata sun cika tsakar gidan Goggo. Kowace da abin da ta ji. Wasu sun ce Mama Rifkatu ta daɗe tana shirin wannan, wasu sun ce ai ita ma ta ci don kada a gane. Matan nan duk ta koyar da 'ya'yansu. Na ɗauki jakata na zagaya gidanta.

Ta ɗaure kayanta a buhuna, akwati biyu a bakin ƙofa. Ta ce ɗanta zai turo mota ranar Litinin ta koma Filato. Abin da kawai ba ta ɗaure ba shi ne sallaya da butar da ta ajiye wa Goggo shekara da shekaru, don in lokacin salla ya same ta a nan. Ta ce ba ta san ko ta miƙa su ta katanga ba ne ko za a jefo mata da su.

A nan ta ba ni labari. Ta ce a garinsu naman kaza suke ce wa laimar kwaɗi, kuma abinci ne na marmari. In ruwa ya sauka mata sukan fita da kwanduna tun da asuba, uwa tana nuna wa 'ya wadda ake ci da wadda ake tsallakewa. Ranar Talata ta bi ta gonar wani Malam Ilu, inda makiyaya suka yi zango, ta ga laimar kwaɗin nan sun fito farare. Sai kewar gida ta kama ta. Idonta ya yi yana, ta sani, amma ta ce wa kanta abin da ta sani tun tana yarinya ba zai ɓace mata ba. Ta yi miya da gyaɗa da daddawa. Goggo, wadda ta shekara talatin tana cewa ita ba ta cin abincin kwaɗi, ranar ta ji ƙamshi ta ce a zubo mata ta ɗanɗana.

Ta ce da ta ga zanen tabarmarta ya fara tafiya, nan take ta san abin da ta yi. Da rarrafe ta isa gidan Goggo. Suka zauna a ƙasa suka riƙe hannun juna, ita tana waƙar coci, Goggo tana salati, kowace tana ce wa 'yar'uwarta kada ki ji tsoro, har mutane suka zo suka raba su.

Da yamma ta kawo mini burodi da ruwan leda, ta ce ba za ta ƙara dafa wa kowa abinci a garin nan ba. Na ce ni tuwon gero nake so da miyar kuka, kuma daga hannunta. Mun daɗe muna ja kafin ta hura wuta. Na ɗauki kwanon na zauna a ƙofar gida, inda duk mai wucewa masallaci zai gan ni, na cinye tas. A ɗakinta na kwana.

Da gari ya waye muka je gonar. Babu komai sai 'yan baƙaƙen busassu da suka narke a ƙasa. Malam Ilu ya ce kwana uku ba a yi ruwa ba, abin kuwa ba ya jure rana. Makiyayan sun yi arewa sun tsallaka iyaka, amma a cikinsu akwai wata tsohuwa Dije da ba ciyawar da ba ta sani ba, kuma duk ranar kasuwa tana kawo nono Maigatari. Ranar kuwa Alhamis ce, ranar da kasuwar ke ci.

Muka biya ta Gumel aka ɗebi jinin Mama Rifkatu, likita ta rubuta mana takardar bayanin abin da muka fita nema. Ta so ta leƙa Goggo, Yaya Sabo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce tana barci. Ta koma ta zauna a benci. Da ya ji za mu Maigatari har wataƙila mu tsallaka, ya ce ba zai bar ƙanwarsa ta tafi ita kaɗai ba. Haka ya ce, ita kaɗai, alhali muna tsaye mu biyu. Ya shiga gaban mota, har muka isa bai waiwayo ba.

Wanda bai taɓa ganin kasuwar Maigatari ba, ya ɗauka duk dabbobin duniya ne aka tara wuri ɗaya. Raƙuma, shanu masu dogayen ƙaho, raguna kamar maruƙa, manyan motoci suna ta lodi. Muka nufi layin masu nono muka tambayi Dije, sai mata huɗu suka amsa. Ta farko ta ce ita ce, ta auna mana fura kafin mu gama bayani. Ta biyu kurma ce. Sai da muka sha fura sau biyu muka kai ga tamu, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai baƙin leɓe, tana zaune can ƙarshe tana korar ƙuda da faifai. Da ta ji labarin ta yi dariya har ta riƙe ciki, sa'annan ta daina, ta tambaya ko masu cin sun yi amai ko idonsu ya yi ɗorawa. Muka ce a'a. Ta ce an yi ruwa a rugarsu jiya, ga kuma hadari yana haɗuwa, mu zo gobe kafin rana ta yi zafi.

Mun sauka a gidan wata 'yar'uwarmu mai sayar da kanwa da dabino. Ɗakin da aka ba mu rabinsa buhuna ne. Bayan magariba aka kawo dambu da zogale, ruwa kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rufin yana yoyo, muka yi ta jan katifa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ni da Mama Rifkatu, har abin ya ba mu dariya. Ranar ce na fara jin dariyarta tun zuwana.

Washegari a bakin iyaka, jandarman Nijar da ya karɓi katinmu na shaida ya tambayi abin da zai kai mu. Na ce goggona ce ba lafiya. Ya ce, "Tana likita?" Na ce a'a, ita ba likita ba ce, manomiya ce. Ya dube ni, na dube shi. Sai Yaya Sabo ya raɗa mini cewa a can asibiti ake ce wa likita. Da na ce ni malamar makaranta ce, ya ce to madam ta lakwal ce ke nan, ya gyara tsayuwa. Na nuna masa takardar da likita ta rubuta mana. Ya ce su ma a wajensu ba a cin wannan abu, amma ya yi aiki a kudu inda ake sayar da shi a kasuwa kamar tumatir. Ya ce mu dawo kafin sallar Juma'a, in ba haka ba sai mu jira a sauko.

Babura suka kai mu inda taɓo ya hana su wucewa, daga nan muka taka. Takalmina ɗaya yana can har yanzu. Dije ta tarye mu da sanda a hannu. Ba ta nuna mana komai ba, sai ta ce wa Mama Rifkatu ta shiga gaba ta tsinko irin wadda ta dafa. Mama ta yi ta sunkuyo tana kai fuska kusa da ƙasa, ta tara 'yan kaɗan a gefen zane ta kawo. A idona duk iri ɗaya ne. Dije ta zauna ta ware su kashi biyu. Ta ce wannan ita ce ta miya, ba ta da laifi. Wannan kuwa ita ce mai sa a ga abin da babu.

Ta dubi Yaya Sabo ta ba shi labari, kamar ta san shi ne mai buƙatarsa. Ta ce tana amarya, wata shekarar yunwa, ita da uwar mijinta suka gasa irinta suka ci. Ta ga shanunsu sun zama ruwa suna gudu a ƙasa, ta ji ciyawa tana kiran sunanta, ta tabbata mutuwa ce ta zo. Kafin dare abin ya sake su. Ta ce, "Ba aljani, ba mutum. Tsiro ne Allah ya yi shi haka, kamar yadda ya yi barkono da zafi."

Daga nan ta kai mu gindin wani kututture ta nuna wata da sanda, ta ƙi taɓa ta da hannu. Ta ce wannan ba ta nuna wa mutum komai, shiru take yi har ta kai shi kabari, kuma ta san gidan da ta yi wa haka. Ta tambayi Mama Rifkatu ko akwai irinta a miyar.

Mama ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Da ta ce babu, da ba wanda zai ƙaryata ta. Sai ta ce, "Ina jin ban tsinki irinta ba. Amma ba zan rantse ba, idona ba ya gani kamar da. In Hansai ta mutu, ni ce." Ta fashe da kuka, ta kasa tashi saboda gwiwarta.

Sai Yaya Sabo ya matsa ya miƙa mata hannu ya ce, "Mama, tashi mu je. Ai ke ma kin ci." Shi ya je ya nemo amalanken shanu, ya shimfiɗa mata babbar rigarsa a kai, ya bi mu a ƙasa har inda babura suke.

Masu tambayata yadda ake gane kowace, ku yi haƙuri, ba zan rubuta ba. Na tsaya a wurin, an nuna mini da sanda, kuma ko yau aka ajiye mini su ba zan iya rantsuwa ba. Dije da kanta ta ce ta daina ci tun da idonta ya fara rauni, jikokinta ma ta hana su.

Na naɗe kowane kashi daban a takarda na zuba a kwalin shayi. A shingen da ke ɓangarenmu wani jami'i ya buɗe kwalin yana zaton ƙwai ne, ya yi tsalle baya, ya ce Hajiya me za ki yi da wannan. Takardar likita ta sake fitar da mu. Ita kuma likita ta ɗauki hotunansu ta aika wa wani malaminta na jami'a. Amsarsa ba ta yi nisa da ta Dije ba, sai dai shi ma ya ce hoto ba ya isa a yanke hukunci, jini ne zai faɗi gaskiya.

Wunin Juma'ar nan ya yi mana tsawo. Mama Rifkatu ta zauna a bakin gadon Goggo, ba wanda ya hana ta. Ba su yi wata doguwar magana ba. Goggo ta dube ta ta ce ta rame, ita kuma ta ciro mataji a jaka ta shiga taje wa Goggo kai. Ranar Asabar da hantsi likita ta shigo da takardu biyu ta ce hantar kowace lafiya lau, mu tafi gida. Ta kuma sa Mama ta yi alkawarin dawowa a duba mata ido.

Da muka isa ƙauye mata sun taru a ƙofar gida suna jiran yi wa Goggo sannu. Goggo ta wuce su ta shiga gidan Mama Rifkatu, ta zauna a kan buhun kaya ta ce a kira mata su nan. A nan aka yi mata barka, kowace ta shigo sai ta gaida masu gida biyu. Kafin la'asar Yaya Sabo da matarsa sun kwance buhunan sun mayar da komai inda yake, aka kira ɗan Mama aka ce ya bar motarsa.

Ranar Lahadi da safe ina haɗa kaya, Goggo ta kira ni ɗakinta ta ce in rufo ƙofa. Ta ce akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. A cikin abin da ta gani ranar nan, ta ga mahaifina. Ba babba ta gan shi ba, yaro ne ɗan shekara bakwai, da 'yar riga shuɗiya mai yagaggen aljihu, yana koro awaki daga bakin rijiya. Ta ce ta san ba shi ba ne, tsiron ne ya tono abin da ke cikin kanta, kuma ko za a ba ta duniya ba za ta sake ci ba. Amma ta manta yana da wushirya, ta manta yadda yake karkata kai in ana yi masa faɗa, sai ranar ta tuna.

Ni ban san fuskarsa ba, ko hotonsa babu. Duk shekarun nan ban taɓa tambayarta ba don kada in sa ta kuka, ita kuma ashe ba ta faɗa ba don kada ta sa ni. Na ajiye jakar na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na ce ta ci gaba. Ta ba ni labarin ranar da ya faɗa rijiya, da yadda yake satar mata ƙuli-ƙuli, da abin da ya ce ranar da aka haife ni. Mai acaɓan da zai kai ni Sule Tankarkar ya yi ta hon a waje har ya gaji ya tafi. Sai Litinin na dawo Kano.